Zabira ta Biyu

Matar ƙanena Auta ta kira ni ranar Alhamis ina bakin aiki, a ɗan akurkin gilashin da nake zama ina ɗaga wa motoci sanda a wani garejin ajiye motoci na Silver Spring, a nan Amurka. Bayan gaisuwa ta ce, "Yaya, na sa ranar tashi. Zan koma wajen 'yarku a Texas. Ta ce in taho da komai, ban da akwatin bindigar nan. Ka zo Lahadi ka ɗauke shi." Na ce to, Allah ya kai mu. Na kashe wayar. Sai da wata mata ta yi ta danna mini hon a bayan sanda kafin na ɗaga mata. Shekaru ke nan ina ɗauke da magana ɗaya da ya kamata matar nan ta ji daga bakina. Bindigar da mijinta ya shiga daji da ita bai fito ba, da harsashin da ke cikinta, ni na zaɓa masa. In ta hau jirgi ban faɗa ba, na san halina, da maganar za a binne ni.

Mu 'ya'yan maharbi ne, ni da Auta, mu biyu kaɗai maza a ɗakin Inna. Gidanmu shi ne na ƙarshe a gari, daga katangarmu sai gonaki, daga gonaki sai daji. Yanzu motar shara ce ke tashe ni, ita da jirgin ƙasa na Metro idan ya ɗauki kwana. A da kuwa ƙarar magagari ce. Baba zai zauna a kan buzu a zaure, ya matse guntun rodi da yatsun ƙafa, ya yi ta goga har ya zama harsashi, karnuka biyu suna kwance suna kallonsa kamar suna koyon aikin. Aikina shanya albarushi a faifai da korar kaji. In kaza ta tsallaka faifan, kaina ne ke shan ranƙwashi. Ni ke yaga tsumman da ake toshe ɗuri da shi, ni ke ɗaukar burgami idan an fita. Auta, da yake ƙarami ne, nasa zama ne da gwangwanayen madara guda uku yana rarraba ƙarafa: na zabi, na gada, na mazo. A tsakar gida Inna tana banda, hayaƙin yana shiga tufafinmu, har a makaranta yara su ce ga masu warin nama sun iso. Muna jin haushi a lokacin. Yau da za a sayar mini da wannan warin a kwalba, da albashina na wata zan saya.

Baba yana da ƙa'ida ɗaya da duk garin ya san shi da ita. Ba ya harbi don ya kashe. Yana harbi don ya karya, sannan ya ruga da wuƙa ya yanka da bisimilla tun dabbar tana numfashi. Yakan ce, "Nama ba ya zama nama sai ya ji wuƙa." Yakan kuma ce, "Wanda ya kashe nan take, kura ya yi wa aiki." In ya iso ya tarar rai ya riga ya fita, juyawa yake ya bar wa ungulu, ko da gidan babu ko ƙashi. Shi ya sa liman da kansa yake sayen namansa ba tare da tambaya ba. Saboda haka ɗurinsa kullum a aune yake, albarushi kaɗan, ƙarfe ƙarami, daidai abin da zai durƙusar da dabba ta jira shi. Wannan karatun na haddace shi fiye da duk abin da aka koya mini a aji huɗun da na yi.

Amma zabirarsa biyu ce. Babbar tana ƙugu, ita ce ta kullum. Ƙaramar tana wuya a ƙarƙashin riga, jar fata ce da gumi ya mayar baƙa. Mutane sun ɗauka laya ce. Abin da ke ciki ƙarfe ne guda ɗaya tal, kaurin babban yatsa, wanda maƙeri ya yanko masa daga jikin wata tsohuwar mota. Kowace Juma'a bayan an sauko masallaci sai ya fito da shi, ya shafa masa man gyaɗa, ya mayar. Ban taɓa ganin ya harba shi ba.

Sau ɗaya na ga ya ɗura shi. Ina ɗan saurayi, ƙarshen damina, gida ya kwana huɗu babu nama. Mun gangara wata fadama mai dogayen gamba, sai Baba ya tsaya cak. A gabansa kashi ne ɗanye yana tururi, ga sawu kamar an kifa ƙwarya a laka. Ɓauna. Ya durƙusa, ya sa ƙugiyar waya ya zaro toshin, ya zazzage ƙananan ƙarafan a tafin hannu, ya ƙara albarushi, ya ciro na wuyansa ya tura shi ciki da sandar ɗuri a hankali yadda ba zai yi ƙara ba. Muka juya da baya. Can cikin ciyawa tsuntsayen carki suka tashi, na ji wani huci mai nauyi, amma ban ga komai ba. Ba mu yi nisa ba sai ga mazo, ƙato, a tsaye a fili yana kallonmu, kusa ƙwarai, ko da dutse zan same shi. Na ja rigar Baba. Ya make hannuna. Bindigar toka harbi ɗaya gare ta, kuma wannan ɗayan ba na mazo ba ne. Muka wuce shi yana tauna ciyawa.

Ran nan miyar kuka lami muka sha. Abokaina suka tare ni a ƙofar gida suna cewa ina naman, ɗan maharbi? Na shiga zaure ina kumbure-kumbure na ƙi cin tuwo. Baba ya dube ni ya ce, "Kai, buɗe kunnenka. Dajin da yake da mai shi, ba a ɗura don tukunya. Ana ɗura don a dawo." Auta yana gefe da gwangwanayensa, ya saki baki yana ji. Ni kuwa yunwa da kunya sun toshe mini kunne. A raina na ajiye ranar da suna ɗaya: ranar da Baba ya ji tsoro. Haka na girma da ita. Da Baba ya rasu aka ba ni bindigar a matsayin babba. Zabirar wuyan ko tambayarta ban yi ba.

Wannan dajin babu shi yanzu. Zuwana na ƙarshe na tarar fadamar ta zama gonar shinkafa, wurin da mazon ya tsaya kuwa an kafa injin niƙa. Yaran garin ba su san ɓauna ba sai a waya. Bindigar ma tsatsa ta cinye ta a ƙarƙashin gado. Ni na bar makaranta na bi mota, kwandasta, daga baya direba. Auta ya yi karatu har ya zama mai haɗa magani a asibiti, ya zo ƙasar nan, ya zauna a Greenbelt, ya yi ta fama da takardu sai da ya kawo ni. Bai taɓa yi mini gori ba, ko sau ɗaya. In an taru a gidansa da sallah, likitoci da injiniyoyi da malaman jami'a, ni ake ba kujera mafi kyau, ni ake fara zuba wa abinci. Sai a gaishe ni da ladabi, Yaya ina gajiya, Yaya ya aiki, sannan a juya a ci gaba da hira rabi Hausa rabi Turanci a kan abin da ban sani ba. Ba wanda ya raina ni. Ba kuma wanda ya taɓa tambayata yaya ake yin wani abu. Mutum yana iya shekara goma a haka, yana ƙoshi, yana ƙanƙancewa.

Wata rana Auta ya zo gareji da murnarsa. Wani abokin aikinsa Bature ya gayyace shi farauta a duwatsun Montana, za su nemi wata babbar barewa da suke kira elk, wadda ta fi gwanki girma. Ya ce, "Yaya, jinin Baba ya motsa. Amma ni gwangwani kawai na iya rarrabawa. Kai ka bi shi daji. Zo mu je ka zaɓa mini bindiga." Wallahi sai da na ji kamar an ƙara mini tsawo. Ranar Asabar na sa babbar riga, kamar mai zuwa ɗaurin aure, muka tsallaka gada zuwa wani kanti a Virginia.

Mai kantin wani tsoho ne mai farin gemu da tabarau a kan hanci. Ya fara ciro mana wata siririyar bindiga mai lamba 243, ya ce ba ta da nauyi, ba ta dukan kafaɗa, sabon hannu yana jin daɗinta. Sai ya tambayi inda za a je. Da Auta ya faɗa masa, tsohon ya janye ta gefe ya ɗauko wata mai lamba 338. Ya tsayar da harsasai biyu a kan gilashi, ɗaya kamar ɗa, ɗaya kamar uba. Auta yana juya mini maganarsa da Hausa. Ya ce ƙaramin bakinsa laushi gare shi, yana taɓa nama sai ya buɗe ya tarwatse, ya isa ga barewar bayan gari. Babban kuwa ya ninka shi nauyi fiye da sau biyu, kuma an haɗa shi yadda ba ya farfashewa, yana karya ƙashin kafaɗa ya wuce ciki. Ya ce a can akwai naman dajin nan mai farata da ake kira beyar, irin manyan nan masu ruwan ƙasa, kuma wasunsu sun gane cewa ƙarar bindiga kiran abinci ne.

Na ɗauki babban na juya shi a hannu. Na ce, "Wannan ai na yin mushe ne. Kafin ka isa da wuƙa ta sanƙare. Ka tsallaka ƙasa guda ka je ka yi wa ungulu aiki? Ɗan wa za ka ce kai ne?"

Auta ya ce, "Yaya, ya ce dajin yana da mai shi."

Na ce, "Beyar? Wanda 'yarka take rungume 'yar tsanarsa ta yi barci? Wanda ake nunawa a talabijin yana tonon shara? Mu da muka kwana da kura a bayan katanga! Malam, ɗan kasuwa ne, mai tsadar yake so ya liƙa maka."

Ya yi ƙasa da murya. "Yaya, ko za mu tuna yadda Baba..."

"Ni za ka tuna wa Baba? Kana wasa da gwangwani nake ɗaukar masa burgami."

Ya sunkuyar da kai. Mutum mai furfura a gemu, mai digiri biyu, ya sunkuyar da kai a gaban Bature kamar yaron da aka kama da satar ƙuli-ƙuli. Sai ya ɗago ya nuna ƙaramar. Tsohon ya dube shi, ya dube ni, ya yi magana doguwa wadda Auta bai juya mini ba. Ya ɗora gwangwanin barkonon feshi na korar beyar a kan kayan ya ce wannan kyauta ce. A hanyar dawowa ina ta ba da labarin farauta, Auta yana tuƙi yana cewa haka ne, Yaya. Ya tsaya ya saya mini tsire a Silver Spring. Na daɗe ban ji daɗin rana irin wannan ba, kuma wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai.

Abin da ya faru a can daga bakin Baturen na ji, ranar da ya zo gaisuwa ya zauna a ƙasa tare da mu, ƙafafunsa sun ƙi lanƙwasuwa. Da hantsi ne. Auta ya harbi dabbar, ta faɗi, ta tashi, ta shige kurmi tana zubar da jini. Baturen ya ce su dakata tukuna. Auta ya ce a'a, dole ya same ta da rai, ya zare wuƙa ya bi jinin da sauri. Ashe wani ya riga shi isa. Baturen ya ji harbi biyu. Ma'aikatan daji da suka bi beyar ɗin daga baya sun ce duka biyun sun same shi a kafaɗa, amma sun tarwatse a cikin tsoka, ko ƙashi ba su karya ba. Barkonon yana cikin jakar baya. Baturen yana kuka yana cewa ya gaya wa Auta bindigar ta yi ƙanƙanta, ya ce masa ya ari tasa ta biyu, ya ƙi, bai san dalili ba. Ni ina zaune kusa da shi da carbi a hannu. Na san dalili. Na yi shiru. Ni na yi wa ƙanena wanka, kuma abin da na gani ba zan faɗa wa kowa ba.

Bayan watanni, a masallaci wajen College Park, wani ɗalibi ya tambayi malam hukuncin naman farauta. Malam ya ce idan maharbi ya ambaci sunan Allah lokacin harbi, harsashi ya huda dabbar ta mutu kafin ya iso, malamai da yawa sun ce ta halatta. In ya same ta da rai ne yanka ya zama dole. Ke nan tsananin Baba nasa ne, tsantseni ne na mutumin da liman ke sayen namansa. Na tashi na fita. Sai da na kai wajen mota na ga da safa nake tafiya, takalmana suna can. A wannan filin ajiye motoci ne maganar ta dawo mini. Dajin yana da mai shi. Bature bai san wannan magana ba, ba zai taɓa faɗinta haka ba. Ta Baba ce. Auta ya sa ta a bakin mai kanti ne don in tuna da kaina, kada a ce ƙane ya gyara wa wansa a gaban baƙo. Ya miƙo mini igiya, na buge hannunsa.

Ranar Lahadi bayan azahar na hau babban titin Beltway zuwa Greenbelt. Falon duk kwalaye ne, an sauke hotuna, bango ya yi fari-fari a inda suke. Tsakanina da matar Auta akwai kunya irin ta gida, ba mu taɓa doguwar hira mu biyu ba. Ta kawo mini shayi a kofin roba ta ce in yi haƙuri, an riga an naɗe na tangaran. Akwatin yana jingine a bakin ƙofa. Na zauna a kan wani kwali, na ajiye kofin a ƙasa.

Na ce, "Hajiya, akwai maganar da na ɓoye miki. Bindigar nan ba shi ya zaɓa ba. Mai kanti ya ba shi babba, ni na hana. Ni na sa ya ɗauki wannan."

Ta ci gaba da naɗe wani faranti a jarida. Sai da ta gama ta ce, "Na sani, Yaya."

Na ɗago kai na dube ta.

Ta ce, "Ranar da kuka dawo ya gaya mini. Na ce masa to ka koma kai kaɗai gobe ka canza mana, wa zai sani? Ya ce in ya dawo za ka ce a nuna maka hoto, za ka ga bindigar a hannunsa. Ya ce, shekara nawa Yaya yana ƙasar nan ba wanda ya tambaye shi komai, yau na ga ya yi tafiya irin ta Baba, ba zan karɓe masa wannan ba. Na ce kai dai ka sani. Har dariya na yi masa." Ta goge ido da bakin mayafi. "Ba zan yi maka ƙarya ba. Shekara biyu ko muryarka ba na son ji. In ka kawo mana cefane, ɗaki nake shigewa in ce ina salla. Ina jira in ga ko za ka faɗa."

Na ce, "Ki yafe mini."

Ta ce, "Da ka bari na hau jirgi, da ban sani ba. Tunda ka faɗa, na yafe. Shi ai bai ma riƙe ka ba balle ya yafe."

Ta shiga ɗaki ta fito da wata 'yar leda irin wadda asibiti ke zuba kayan mamaci. Ta ce wannan a wuyansa aka cire, ta ɗauka laya ce, ba ta taɓa buɗewa ba, kuma ba ta ga ya dace ta kai ta Texas ba. Tun kafin ta miƙo na gane baƙar fatar. Na kwance bakin da haƙori. Ƙarfen ya faɗo a tafin hannuna. Babu tsatsa ko ɗigo. Yana ƙyalli, yana ƙanshin man gyaɗa.

Ta ce, "Kowace Juma'a yakan rufe ƙofa ya ɗan jima. Ban taɓa tambayarsa ba."

Ke nan ya sani sarai. Ya shiga dajin da yake da mai shi da karatun Baba a wuya, da nawa a cikin bindiga. Ƙarfen kuwa babu bindigar da zai shiga a duk faɗin ƙasar nan.

Akwatin na kai wa hukuma washegari, ban ko buɗe shi ba. Zabirar tana wuyana. Ta fi yadda nake zato nauyi, da yamma har sai igiyar ta yi mini shaida a fata. Na sayi ƙaramar kwalbar man gyaɗa a kantin 'yan Afirka na ajiye a aljihun tebur a akurkina. Juma'ar da ta wuce ina shafa wa ƙarfen man, wani ɗan Kaduna da ke ajiye mota a wurinmu ya leƙo ta taga ya ce, "Baba, kai ma har da laya a Amurka?"

Na ce, "Ba laya ba ce. Harsashi ne."

Ya yi dariya ya ce, "Na harbin me?"

Na ɗaga masa sanda ya wuce. Na ce wa gilashin, na dawowa gida ne.